Matsayin Lokaci a Tarihin Binciken Sabawar Ido da Sawun Gani

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa fitowa daga cikin rana tsaka ya shiga zaure ya san cewa da farko ba ya ganin kome, har yakan yi sallama bai tabbata ko da mutum a ciki ba. In ya ɗan dakata sai tabarma ta bayyana, sai buzu, sa'an nan fuskar mai gida. Hasken zauren yana nan yadda yake, idon mai shigowa ne ya sake hali. Haka nan wanda ya ƙura wa fitila ido sa'an nan ya juya ga bango zai ga wani tabo yana bin duk inda ya kai dubansa har zuwa wani ɗan lokaci. Abu na farko shi za mu kira sabawar ido a cikin wannan takarda, watau yadda gani yake daidaita kansa da halin da ya jima a ciki. Na biyu kuwa za mu kira shi sawun gani, domin kamar yadda dabba takan wuce ta bar sawu a ƙasa, haka abin da aka jima ana kallo yakan wuce ya bar alamarsa a kan abin da aka duba bayansa. Waɗannan kalmomi biyu shawara ce muke kawowa gaban wannan taro, in an sami waɗanda suka fi su dacewa sai a ɗauka.

Manufarmu ita ce mu bi diddigin yadda masana suka fahimci waɗannan al'amura tun daga zamanin Girkawa har zuwa ƙarni na 21. Abin da muke so mu nuna shi ne, tambayar da ta fi ciyar da wannan bincike gaba ita ce tambayar lokaci: sawun nan har yaushe yake kaiwa? Muddin ana ɗaukar sawun gani abin 'yan sakanni ne, to, cewa ido ya gaji ta isa bayani. Amma da aka sa agogo aka tarar da sawu mai minti, da mai kwana, da mai watanni, sai ya zama tilas a sake tunani. Zancen yana da muhimmanci ga masu horar da malamai, saboda har yanzu littattafan share fage da yawa kan tsaya a kan bayanin gajiya kamar a nan magana ta ƙare.

2.0 ZAMANIN LURA BA TARE DA AWO BA

Aristotal na ƙasar Girka (384 zuwa 322 kafin Miladiyya), wanda malaman Larabci suka sani da Arisɗo, ya ambaci sawun gani a cikin wani ɗan littafi da ya rubuta a kan mafarki. Ya lura cewa wanda ya kalli rana sa'an nan ya rufe ido zai ci gaba da ganin siffarta, launinta yana sauyawa daga ja zuwa shunayya har ya yi baƙi ya ɓace. Ya kuma lura cewa wanda ya jima yana kallon kogi mai gudu, in ya ɗauke kai ya dubi abin da ke tsaye, sai ya ga kamar yana motsi. Abin da ya kai shi ga wannan zance shi ne neman asalin mafarki, domin a ganinsa motsin da abin gani ya tayar a cikin gaɓa ba ya tsayawa nan take. Ke nan tun daga farko an san sawun gani yana da matakai da yake bi kafin ya gushe, ko da yake ba wanda ya auna su.

Alhasan ibn Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya ɗauki al'amarin ya mai da shi hujja. A zamaninsa ana gardama a kan ko haske ne yake fita daga ido ya taɓa abin gani, ko kuwa daga abin gani yake tasowa ya shiga ido. A cikin Kitabul Manazir, wanda ya rubuta tsakanin 1011 da 1021, ya kawo misalin mai kallon farin abu a cikin hasken rana, da mai kallon koren lambu, waɗanda in suka juya ga wuri mai duhu sai su ga hasken ko koren yana biye da su na wani lokaci kafin ya dushe. Ya ce wannan shaida ce a kan cewa haske da launi su ne suke yin aiki a cikin ido, tun da ga alamar aikinsu ta rage bayan an kau da kai.

Isaac Newton na Ingila ya bar mana labarin sawun da ya ƙi gushewa da wuri. A cikin wata wasiƙa da ya aika wa John Locke a 1691, ya ba da labarin yadda a ƙuruciyarsa ya riƙa kallon rana ta cikin madubi, har ta kai duk abu mai haske da ya duba sai ya ga siffar rana a kansa. Sai da ya kulle kansa a ɗaki mai duhu kwana 3 kafin ya sami sauƙi, kuma ya ce watanni bayan haka siffar takan dawo masa in ya tuna da ita. Wannan ganganci ne da ke iya ƙona ido, bai kamata kowa ya gwada ba.

A ƙarni na 18 aka fara neman dalili. Buffon na Faransa ya yi rubutu a 1743 a kan yadda mai kallon jan abu yakan ga kore in ya juya ga farar takarda. Robert Darwin, mahaifin Charles Darwin, ya buga nasa binciken a 1786, inda ya kwatanta ido da gaɓar da ta yi aiki ta gaji: ɓangaren da ya jima yana karɓar ja yakan raunana ga ja, saboda haka in farin haske ya sauka a kansa sai kishiyar ja ta rinjaya. Wannan shi ne ra'ayin gajiya, wanda ya mamaye fagen kusan shekara 200.

3.0 SHIGOWAR AGOGO

3.1 Sabawa da duhu

Hermann Aubert na Jamus shi ne ya fara auna sabawar ido da duhu, ya buga sakamakon a 1865. Yakan shiga ɗaki mai duhu ya zura wutar lantarki a siririyar waya har ta yi ɗan ja, sa'an nan ya duba iyakar ƙanƙantar hasken da zai iya hanga yayin da mintoci suke wucewa. Ya tarar ƙarfin gani yana hawa da sauri a farko, daga baya ya ci gaba da hawa sannu a hankali.

Bayanin wannan ya zo daki-daki. A 1866 Max Schultze ya kawo ra'ayin cewa a tantanin gani da ke can bayan ido akwai ƙwayoyin halitta iri biyu masu aiki dabam-dabam. Masu siffar mazurari su ne na rana, su suke rarrabe launi. Masu siffar sanda su ne na dare. A 1876 Franz Boll ya ga wani jan sinadari a tantanin ganin kwaɗo wanda haske yake koɗar da shi, duhu kuma ya mai da shi. A 1922 Arnt Kohlrausch ya nuna cewa in aka zana tafiyar sabawa da duhu a takarda, layin yana da gwiwa a tsakiya, alamar cewa aiki biyu ne suke gudana. Ƙwayoyin rana sukan gama nasu cikin kimanin minti 10, ƙwayoyin dare kuwa sukan ci gaba har minti 30 zuwa 40, kuma a ƙarshe ido yakan iya hango hasken da ya gaza na farko sau dubbai. Komawa cikin haske ba ta cin wannan lokaci, cikin 'yan mintoci kaɗan an gama.

A cikin shekarun 1930 George Wald na Amurka ya gano cewa sinadarin nan daga bitamin A ake gina shi, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1967. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa ƙarancin bitamin A yake kawo dundumi, ciwon da Hausawa suka daɗe da sani suka kuma raɗa wa suna. Daga baya, a 1999, Jackson da Owsley da McGwin suka nuna cewa sabawa da duhu tana ƙara jinkiri da ƙaruwar shekaru, ko da idon lafiyayye ne. Darasin da aka fara koya a nan shi ne, abin da mutum yake ji kamar sabawa guda ashe agogo biyu ne suke tafiya tare.

3.2 Sawun motsi

A cikin shekarun 1820 Jan Purkinje, mutumin ƙasar Cek, ya tsaya fiye da awa guda yana kallon jerin gwanon sojan doki suna wucewa. Da suka gama wucewa sai ya ga gidajen da ke tsallaken hanya kamar suna tafiya baya. A 1834 Robert Addams ya ba da labarin irin wannan daga magangarar ruwa ta Foyers a Sikotilan: ya ƙura wa ruwan ido na 'yan sakanni, da ya dubi dutsen da ke gefe sai ya ga kamar yana hawa sama. Addams ya ɗauka ƙwayar ido ce ta saba da bin ruwan ta kasa tsayawa. A 1849 Joseph Plateau na Beljiyam ya fito da faifai mai zanen murɗaɗɗen layi, wanda in aka juya shi yakan zama kamar yana tsukewa, in an tsai da shi kuma sai a ga kamar yana buɗewa ta kowace fuska. Tun da ƙwayar ido ba ta iya bin hagu da dama da sama da ƙasa a lokaci guda, bayanin Addams bai tsaya ba.

Adolf Wohlgemuth ya tattara duk abin da aka sani ya kuma ƙara da gwaje-gwaje fiye da 30, ya buga a Ingila a 1911. Ya tabbatar da cewa gwargwadon daɗewar kallo, gwargwadon daɗewar sawu, kuma sawun yana tsayawa ne a ɓangaren gani da motsin ya shafa. An kuma riga an lura cewa in aka kalli motsi da ido ɗaya, ɗaya idon ma yakan ga sawun, abin da ke nuna cewa da hannun ƙwaƙwalwa a ciki. Akwai wani abu guda da Wohlgemuth ya gani wanda ba a ba shi muhimmanci ba a lokacin, za mu dawo gare shi a sashe na 5.

4.0 RA'AYIN GAJIYA YA KAI ƘOLI

Tsakiyar ƙarni na 20 ita ce lokacin da ra'ayin gajiya ya sami hujja mafi ƙarfi. A 1959 David Hubel da Torsten Wiesel suka gano cewa a ƙwaƙwalwar kyanwa akwai ƙwayoyin jijiya waɗanda kowace take amsawa ga layi mai wata karkata ta musamman, waɗansu kuma ga motsi zuwa wata fuska kaɗai. A 1963 Horace Barlow da Richard Hill suka auna ƙwayar jijiya guda a tantanin ganin zomo. Suka nuna mata motsi na kusan minti ɗaya, sai bugunta ya yi ta raguwa. Da aka tsai da motsin sai bugun ya faɗi ƙasa da yadda yake a lokacin hutu, ya ɗauki kimanin sakan 30 kafin ya dawo daidai.

Bayanin ya fito fili. In akwai ƙwayoyi masu shaidar motsi zuwa ƙasa da masu shaidar motsi zuwa sama, kuma ƙwaƙwalwa tana gwada muryoyinsu ne ta yanke hukunci, to, in masu shaidar ƙasa suka yi rauni bayan kallon ruwa, sai ɗan bugun masu shaidar sama ya rinjaya, dutse ya zama kamar yana hawa. Lokacin da zomo ya ɗauka kafin ya farfaɗo ya yi daidai da irin lokacin da sawun motsi yake ɗauka ga mutum. A 1969 Colin Blakemore da Fergus Campbell na jami'ar Kambirij suka nuna cewa kallon zane mai ratsi-ratsi na minti ɗaya ko biyu yana rage ƙarfin ganin ratsi masu irin wannan kauri da karkata kaɗai, ba ya taɓa sauran. Daga nan sawun gani ya zama babban kayan aikin masu nazarin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, domin ta hanyarsa ana iya sanin irin ƙwayoyin da ke ciki ba tare da an fasa kan kowa ba.

Ya kamata a yi wa wannan ra'ayi adalci. Raguwar bugun ƙwayoyin jijiya bayan dogon aiki gaskiya ce da aka auna, kuma har yau ba wanda ya musa ta. Inda aka yi kuskure shi ne ɗaukar wannan raguwa a matsayin kasawa, irin ta ƙafar da ta yi doguwar tafiya, wadda hutu kaɗai yake warkarwa.

5.0 SHAIDU UKU DA GAJIYA TA KASA AMSAWA

5.1 Sawun da yake jira

Abin da Wohlgemuth ya gani a 1911 shi ne, in mutum ya gama kallon motsi ya rufe ido har lokacin da ya kamata sawun ya ƙare ya wuce, da ya buɗe sai ya tarar sawun yana nan. Irwin Spigel ya sake tabbatar da wannan a farkon shekarun 1960. Da gajiya ce zalla, da rufe ido ya fi kome saurin kawar da ita, tun da ba hutun da ya fi shi. Amma ga shi hutun ya ajiye sawun, kallon abin da ke tsaye ne yake goge shi. A 1969 kuma Richard Masland ya nuna cewa wanda ya kalli faifan Plateau na minti 15 yakan iya ganin ragowar sawun kashegari in aka sake nuna masa faifan a tsaye.

5.2 Launin da yake manne wa ratsi

A 1965 Celeste McCollough ta kwalejin Oberlin a Amurka ta buga wani gwaji da ya ba masana mamaki. Ana nuna wa mutum ratsi na tsaye a kan wani launi, sa'an nan ratsi na kwance a kan kishiyar launin, ana musanya su na 'yan mintoci. Alal misali, in na tsaye ja ne na kwance kuma kore, to, bayan an gama, in aka nuna masa ratsin baƙi da fari zalla, sai ya ga na tsaye da ɗan kore-kore, na kwance da ɗan ja-ja. In ya dubi farin bango ba ya ganin kome. Sai ratsin ya zo launin yake zuwa. In ya karkata kansa har na tsaye ya koma na kwance, launukan ma sai su yi musanya.

A 1975 Jones da Holding suka auna daɗewar wannan sawu. Bayan kallo na minti 15 kacal, waɗanda ba a sake gwada su ba sai daga baya an same su da sawun bayan kusan wata 3, waɗanda kuwa aka riƙa gwadawa a kai a kai nasu ya fi saurin raguwa. Ba ƙwayar jijiyar da za ta yi aikin minti 15 ta kwashe wata 3 tana haki. Abin ya fi kama da wanda ya koyi wani abu ya riƙe, har sai an koya masa saɓaninsa.

5.3 Masu tabarau

Shaida ta uku ta girmi sauran. A 1896 da 1897 George Stratton, ɗan Amurka, ya ba da rahoton yadda ya ɗaura wa ido ɗaya gilashin da ke kifar da duniya, ya rufe ɗayan, karo na farko kwana 3, na biyu kwana 8. A kwanakin farko ko ɗaukar abu daga tebur yakan gagare shi, amma kafin ƙarshe yana zirga-zirga ba wahala, da ya cire gilashin kuma sai hannunsa ya ɗan riƙa kuskure na wani lokaci. A Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, Theodor Erismann da ɗalibinsa Ivo Kohler sun yi shekaru suna irin wannan aiki, har Kohler ya taɓa sa gilashi mai karkatar da gani na kwana 124. Ya kamata a faɗa cewa zancen duniya ta miƙe a idon mai tabarau yana da rauni: a 1999 Linden da abokan aikinsa sun sa wa mutane irin wannan gilashi na kwana 6 zuwa 10, hannu da ƙafa suka saba, amma ba wanda ya ga duniya ta koma daidai. Ke nan sabawar gaɓoɓi da sabawar gani kowace da nata lokaci.

James Gibson na Amurka ya fito da wata ma'ana daga irin waɗannan gwaje-gwaje. A 1933 ya lura cewa layin da gilashi ya lanƙwasa yakan rage lanƙwasa in an jima ana kallonsa, in an cire gilashin kuma miƙaƙƙen layi sai ya lanƙwashe ta ɗaya gefen. Ya kuma gano cewa ko ba gilashi, kallon lanƙwasasshen layi na 'yan mintoci yana kawo haka. A 1937 shi da Minnie Radner suka nuna irin wannan ga layi mai ɗan karkata. A ra'ayin Gibson, gani yana da wani matsakaici da yake ɗauka a matsayin daidai, kuma duk abin da ya daɗe a gaban ido sai a jawo matsakaicin zuwa gare shi. Wannan ra'ayi ya ɗan shiga inuwa a zamanin da ake ɗokin ƙwayoyin jijiya, amma shi aka koma wa daga baya.

6.0 AGOGO DA YAWA A IDO GUDA

A 1990 Horace Barlow da kansa, wanda gwajinsa na zomo ya zama ginshiƙin ra'ayin gajiya, ya rubuta cewa sawun gani alama ce ta wani aiki mai amfani, watau ƙwaƙwalwa tana lura da abubuwan da suka saba zuwa tare tana rage musu murya don sabon abu ya fito fili. Za mu iya kwatanta wannan da mai sikeli a kasuwa, wanda yakan ɗora kwanon awo ya mai da allura kan sifiri kafin ya zuba kaya. In aka ɗauke kwanon ba zato, allura za ta faɗa ƙasa da sifiri. Sikelin lafiyarsa lau, gyaran da aka yi masa ne bai riga ya bi sabon hali ba. Sawun gani shi ne wannan faɗawar allura.

In haka ne, sai wata tambaya ta taso: da wane sauri ya kamata a riƙa gyara sikelin? In an yi gaggawa za a bi kowace inuwa mai wucewa, in an yi nawa za a daɗe cikin kuskure. Binciken da aka yi daga 1990 zuwa 2020 ya nuna cewa gani yana riƙe da gyare-gyare da yawa a lokaci guda, kowane da saurinsa.

A 1991 Greenlee da abokan aikinsa suka sa mutane kallon ratsi daga sakan 1 har zuwa sakan 1000, suka tarar lokacin farfaɗowa yana tsawo gwargwadon tsawon kallon. A 2008 Vul da Krizay da MacLeod suka rarraba sawun McCollough gida biyu, ɗaya mai hawa da sauka cikin kimanin sakan 30, ɗaya kuma mai taruwa sannu wanda kusan ba ya gushewa da kansa. A 2012 Min Bao da Stephen Engel na jami'ar Minnesota suka ɗaura wa mutane na'urar da ke ɗaukar hoton duniya ta rage ƙarfin layukan tsaye kafin ta nuna wa ido, na tsawon awoyi. Da suka mai da musu gani na sosai na minti 15 sai sawun ya ɓace, amma jim kaɗan sai ya sake ɓullowa. Ma'anar wannan ita ce, gyara mai sauri ya lulluɓe gyara mai nawa na ɗan lokaci, da nasa ya ƙare sai na ƙasa ya sake bayyana.

A fagen launi an sami agogo masu tsawo fiye da haka. A 2002 Jay Neitz da abokan aikinsa suka sa mutane zama cikin haske mai launi, ko sa gilashi mai launi, na awoyi a kowace rana. Abin da mutanen suke kira rawaya tsantsa ya riƙa gusawa kwana bayan kwana, kuma bayan an daina ya ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya koma. A 2004 Delahunt da Webster da Ma da Werner suka bi mutanen da aka cire wa yanar ido. Gilashin halitta da ke cikin ido yana rinewa zuwa rawaya da tsufa, yana tare shuɗin haske, amma duk da haka tsoho yana ganin farar riga fara, domin ganinsa ya yi shekaru yana gyara sikeli. Da aka cire yanar sai duniya ta yi musu shuɗi-shuɗi, kuma sai da aka yi watanni kafin fari ya matso kusa da inda yake a da. A 2015 Welbourne da Morland da Wade na jami'ar York a Ingila suka auna mutane 67 a watan Janairu da kuma watan Yuni, suka tarar rawaya tsantsa tana ɗan gusawa tsakanin lokacin da ƙasa ta bushe da ganye da lokacin da ta yi kore.

Har ila yau, sabawar kanta ana koyon ta. A 2020 Li da Engel da abokan aikinsu suka sa mutane ɗaura jan tabarau na awa guda, sau 5 a rana, har kwana 5. Da tafiya ta yi tafiya, da zarar sun ɗaura tabarau sai duniya ta rage ja nan da nan fiye da yadda ta yi a ranar farko. Wannan ya yi daidai da abin da masu sa tabarau na likita suka sani, cewa sabon gilashi yakan dami mutum na 'yan kwanaki, daga baya kuma ya riƙa sawa yana cirewa bai ji kome ba.

7.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun ga yadda Aristotal da Ibn Haisam suka lura da sawun gani ba su auna shi ba, yadda Aubert da Wohlgemuth suka shigo da agogo, yadda ra'ayin gajiya ya kafu ya kai ƙoli a 1963, da kuma yadda sawun da yake jira, da launin McCollough, da gwajin masu tabarau suka tilasta aka koma ga ra'ayin gyaran ma'auni. A kowane mataki, tsawaita lokacin awo ne ya kawo sabon ilmi. Wanda ya auna sakanni ya ga gajiya, wanda ya jure ya auna makonni ya ga wani abu mai kama da koyo.

Akwai abubuwa uku da muke ganin ya kamata a ɗauka daga nan. Na farko, malamin da ke koyar da gani a aji ya nuna wa ɗalibai sawun launi da sawun motsi, waɗanda takarda da alli da faifan kwali sun isa a yi su, amma kada ya tsaya a kan cewa ido ya gaji. Ya sa su rufe ido su ƙirga, su gane wa kansu cewa sawun yana jira. Gwajin McCollough kuwa a taƙaita shi, saboda daɗewarsa, kallon rana kuma a hana shi sam. Na biyu, sanin waɗannan lokuta yana da amfani a rayuwa: dattijon da ke tuƙi da dare ya san idonsa ya fi na yaro jinkirin farfaɗowa bayan fitilar mota ta haske shi, wanda aka cire wa yana kuma a gaya masa tun da wuri cewa shuɗin da zai gani ba alamar ɓacin aiki ba ne. Na uku, sakamakon York ya buɗe ƙofa ga masu bincike na wannan ƙasa tamu, inda bambancin launin ƙasa tsakanin damina da rani ya fi na Ingila nesa ba kusa ba. Awo a watan Agusta da kuma watan Maris aiki ne da jami'o'inmu za su iya ɗauka.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma tarihin da muka bi bai rushe wannan magana ba. Abin da ya ƙara mana shi ne cewa idon da yake ba da shaida yana ɗauke da tarihin abin da ya kalla a minti ɗaya da ya wuce, da jiya, da watannin baya, kuma da wannan tarihi yake auna abin da ke gabansa. Muna fata wannan ɗan ƙoƙari zai zaburar da waɗanda suka fi mu sani su faɗaɗa zancen, su kuma gyara mana kalmomin da muka kawo.